KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA: SHIRYA TA, AIKI DA ITA, DA KULA DA ITA

Jama'a, a darussan da suka wuce mun koyi baƙaƙe da wasula. Mun koyi rubuta sunanmu da sunan garinmu. Mun koyi lissafi, har mun iya haɗa kuɗin ciniki ba tare da an cuce mu ba. Yau za mu yi magana a kan wata na'ura wadda ba ta amfanar kowa sai wanda ya iya karatu. Sunanta kwamfutar tafi-da-gidanka. Waɗansu su kan ce mata kwamfutar cinya.

Watakila wani zai ce, "Malam, ina ruwan mutumin ƙauye da kwamfuta, mu da ke fama da fartanya?" To, ga amsa. Tun shekarar 2015, duk yaron da ke neman shiga jami'a a Nijeriya, a kan kwamfuta ya ke rubuta jarrabawar JAMB. Yaron da bai taɓa sa hannu a kwamfuta ba sai ran jarrabawa, hannunsa rawa zai yi, ko da kuwa ya san amsa. Lambar ɗan ƙasa, watau NIN, da lambar banki, watau BVN, duk da kwamfuta a ke yin su. Neman aiki da neman gurbin karatu, yawancinsu yanzu ta kwamfuta a ke yi. Ƙungiyar manoma da matan adashi, su ma suna iya ajiye lissafinsu a ciki.

Waɗanda suka taɓa zuwa Tudun Wada a Kaduna sun ga shagunan buga takardu a kewayen babbar Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wadda aka kafa tushenta tun 1956. Mutum ya kan kawo takardarsa, ya biya, a buga masa. Wannan sana'a ce mai kyau. Amma ku tuna yadda kakanninmu su ke yi da wasiƙa. Wanda bai iya karatu ba sai ya kai wa wani ya karanta masa, asirin gidansa ya zama na mutum biyu. Haka ya ke yau ga wanda bai iya kwamfuta ba. Saboda haka mu koya. Gemu ba ya hana ilmi.

1. MECE CE ITA?

Kwamfuta na'ura ce mai karɓar umurni. Tana rubutu, tana lissafi, tana ajiye abin da aka ba ta. Ba ta da hankalin kanta. Abin da ka sa ta shi za ta yi, kamar keken ɗinki a hannun tela.

Da can kwamfuta ƙatuwa ce ƙwarai. Wadda aka nuna wa duniya a Amurka a 1946, mai suna ENIAC, ta cika babban ɗaki, nauyinta kuwa kusan tan 30. A 1981 aka fitar da wata mai suna Osborne 1, wadda mutum ke iya ɗauka kamar akwati, nauyinta kamar kilo 11. Ta yau kuwa yawanci ba ta wuce kilo 2 ba, tana shiga jaka, ta kuma fi waɗancan aiki nesa ba kusa ba.

In ka buɗe ta, kamar buɗe littafi, ga abin da za ka gani:

Fuska. Ita ce gilashin da ke sama, inda rubutu da hotuna ke bayyana.

Madannai. Su ne 'yan maɓallan da ke ɗauke da haruffa da lambobi.

Wurin yatsa. Wani ɗan fili ne mai santsi a ƙarƙashin madannai. In ka ja yatsa a kai, wata 'yar kibiya za ta yi tafiya a fuska. In ka fi so, ka sa linzami a gefe, aikinsu ɗaya.

Ƙofofi. Su ne 'yan ramukan da ke gefe, inda a ke sa caja da filash da linzami.

Akwai kuma waɗanda ba a gani, suna ciki. Akwai batir, wanda ke riƙe wuta. Akwai rumbu, inda a ke ajiye takardu. Akwai ram, wanda ya ke kamar tabarmar da a ke baza aiki a kai, in tana da faɗi aiki ya yi sauri. Akwai 'yar fanka mai fitar da zafi. Ku riƙe maganar fankar nan, za mu komo kanta.

2. IN ZA KA SAYA

Kwamfuta iri biyu ce a kasuwa: sabuwa cikin kwali, da ta hannu wadda aka yi aiki da ita a ƙasar waje. Yawancinmu ta hannu mu ke iya saye. Ba laifi ba ne. Amma wanda ya taɓa sayen gwanjo a Kasuwar Barci ya san ba a biya sai an ɗaga riga an duba ta a haske. Haka za ka yi wa kwamfuta. Ka tafi da wanda ya san ta, ka kuma yi waɗannan abubuwa shida:

(1) Ka sa a kunna ta a gabanka. Ka duba fuska da kyau, kada a sami tsaga, ko layi, ko baƙin tabo.

(2) Ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, daga A har Z, ka ga ya fito.

(3) Ka sa a cire caja, ka zauna kamar rabin sa'a kana aiki da ita. In wutar batir ta zube da sauri, batirin ya gaji.

(4) Ka buɗe ka rufe sau biyu ko uku. In maɗaurin da ya haɗa fuska da jiki yana ƙara ko yana girgiɗi, ka bar ta.

(5) Ka tambayi irin tsarin da ke cikinta. Yawanci Windows ne, na kamfanin Microsoft. Windows 11 ya fito a 2021. Kamfanin ya janye hannunsa daga kula da Windows 10 yadda ya saba tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka ka nemi wadda ke ɗaukar Windows 11. Mafi ƙarancin abin da ya ke bukata shi ne ram mai gig 4 da rumbu mai gig 64. In da hali, ram mai gig 8 ya fi.

(6) Ka karɓi rasit mai sunan shago, da kwanan wata, da lambar da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar. Ka karanta rasit ɗin da kanka, ai don irin wannan rana ka shiga aji.

Kada ka sayi kwamfuta a hannun wanda ya tare ka a hanya ya ce zai karya maka kuɗi. Watakila ta sata ce, ka yi hasarar kuɗinka, ka kuma kwana wurin 'yan sanda. Araha ba ta ado.

3. RANAR FARKO

Ka kawo ta gida. Kada ka yi garaje. Ka wanke hannu, ka share tebur ko wani allo mai faɗi, ka ɗora ta a kai. Ka sa caja, ka bar batir ya cika. Sa'an nan ka ɗaga murfi daga tsakiya, a hankali. Ka nemi maɓallin kunnawa, yana da alamar da'ira da ɗan tsinke a samanta. Ka danna sau ɗaya, ka jira. Kada ka yi ta dannawa don ka ga ta yi jinkiri.

In sabuwa ce, za ta yi maka tambayoyi: wace ƙasa ka ke, wane harshe ka ke so, mene ne sunanka. Ka karanta kowace tambaya kafin ka amsa. In da Turancin da ya shige maka duhu, ka tambayi malaminka. Matambayi ba ya ɓata. In ta hannu ce, ka sa mai shago ya share duk abin da mai ita na farko ya bari, ya mai da ita fes kamar sabuwa, kana ka sa naka suna.

Daga nan za ta nemi kalmar sirri. Wannan ita ce kwadon ƙofarka. Kada ka sa 1234. Kada ka sa sunan ɗanka, ko shekarar haihuwarka, ko lambar wayarka, gama waɗannan su ɓarawo zai fara gwadawa. Ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, ka ƙara lamba. Ka rubuta a takarda, ka ɓoye inda ka ke ɓoye takardar gona. Kada ka manna ta a jikin kwamfuta. Wa ya taɓa rufe ɗaki ya bar makulli a jikin kwado?

In yara za su riƙa aiki da ita, ka sa a buɗe musu nasu ɓangare dabam da naka. Yaro ya yi karatunsa ba tare da ya taɓa takardunka ba.

Ka duba kwanan wata da lokaci, ka ga sun yi daidai. In kana da data a wayarka, ana iya raba wa kwamfuta intanet daga wayar. Lokaci lokaci za ta ce tana so ta sabunta kanta. Ka bar ta. Gaskiya ne tana cin data, amma gyara ne a ke aiko mata don toshe kafofin da ɓarayi ke bi. Tana cikin wannan aiki kada ka kashe ta, kada ka cire caja.

In ka gama aiki, ka kashe ta ta hanyarta. Ka kai kibiya kan alamar Windows a gindin fuska, ka danna, ka nemi alamar kunnawa, ka zaɓi Shut down. Ka jira fuska ta yi baƙi, fanka ta yi shiru, kana ka rufe. Danne maɓalli da ƙarfi har ta mutu ba a yin sa sai in ta sandare ta ƙi motsi.

4. RUBUTU DA AJIYA

Da ka dubi madannai za ka ga ba a jera haruffa A, B, C ba. Layin sama ya fara da Q, W, E, R, T, Y. An gaji wannan jeri daga tafireta, tun wajen shekarun 1870. Kada ya ba ka tsoro. Ka shafa F da J, za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. Nan a ke ɗora manuniyar hagu da ta dama, sauran yatsu su jeru a gefensu. Da fari za ka yi ta neman harafi kamar kaza na tsintar tsaba. Bayan mako kaɗan yatsu za su san hanya da kansu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga madannai biyar da za ka fara sani:

Dogon da ke ƙasa, shi ke raba kalma da kalma.

Enter, shi ke kai ka sabon layi.

Shift, in ka danne shi tare da harafi, babban baƙi zai fito.

Backspace, shi ke goge harafin da ka yi kuskure.

Ctrl, shi ba ya aiki shi kaɗai. Ctrl da S tare, ajiye aiki ke nan. Ctrl da Z tare, mai da abin da ka ɓata yanzu yanzu. Wanda ya san wannan ba zai ji tsoron gwaji ba.

Akwai wata magana ta musamman ga mu masu rubuta Hausa. A jikin madannai ba za ka ga ɓ, da ɗ, da ƙ ba, domin ba don Hausa aka ƙera su ba. Mutane da yawa sai su rubuta b, da d, da k, su wuce. Wannan yana ɓata ma'ana. Baki dabam, baƙi dabam. Kafa dabam, ƙafa dabam. Fada gidan sarki ce, faɗa kuwa rigima ce. A cikin Windows akwai tsarin madannai na Hausa. Ka sa malaminka ko mai shago ya zaɓa maka shi, ya nuna maka yadda a ke fitar da haruffa masu lanƙwasa. Mun sha wahala mun koye su a allo, kada mu yar da su a kwamfuta.

Kowace takarda da ka rubuta ana kiranta fayil. Ka ba ta suna mai ma'ana, kamar "Kuɗin taki, Yuni 2025". Kada ka bar ta da sunan da na'ura ta ba ta, in sun yi yawa ba za ka gane ko ɗaya ba. Ka tara masu kama da juna a jaka guda: ta gona dabam, ta makarantar yara dabam, ta ƙungiya dabam. Kana cikin rubutu ka riƙa danna Ctrl da S bayan kowane ɗan lokaci.

Yanzu ga babbar magana, ku kasa kunne. Kada ka ajiye abu mai muhimmanci a wuri ɗaya tak. A ce magatakardan ƙungiyar manoma ya rubuta kuɗin da mutum arba'in suka zuba na shekara guda, duk a kwamfuta, ba shi da wani kwafi. Ran nan rumbun kwamfuta ya mutu, ko aka sace ta a mota. Ranar rabo ta zo. Wannan ya ce ya zuba sau goma, wancan ya ce sau goma sha biyu. Da me magatakarda zai kare kansa? Bai ci kwabon kowa ba, amma sunansa ya ɓaci, zumunci ya lalace. Maganin wannan ɗan abu ne. Ka sayi filash, kowace Juma'a ka kwafe takardunka a ciki, ka ajiye shi a wani ɗaki dabam, ba cikin jakar kwamfuta ba. Lissafin kuɗin jama'a kuwa, ka buga shi a takarda kowane wata, shugaba ya sa hannu. Manomin kirki ba ya haɗa iri da hatsin ci a rumbu guda.

5. ABOKAN GABA HUƊU

Yawancin kwamfutocin da ke mutuwa a ƙasarmu ba tsufa ke kashe su ba, rashin kula ne. Abokan gabansu huɗu ne.

Na ɗaya, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ƙura ba ta barin kome a Kaduna da kewaye. Fankar nan da muka ambata tana jan iska daga waje, ƙura kuwa ta bi iska ta shiga, ta toshe hanya. In ka gama aiki, ka bari ta huce, ka rufe, ka sa ta a jaka ko ka lulluɓe ta da tsumma mai tsabta. Kada ka buɗe ta ana shara, ko kusa da inda a ke sussuka ko casa. Ka riƙa share madannai da burushi mai laushi. Fuska kuwa, ka kashe kwamfuta tukuna, ka goge da ƙyalle mai laushi. Ban da kananzir, ban da omo, ban da fesa ruwa. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share fankar.

Na biyu, zafi. Ka juya kwamfutarka ka duba ƙarƙashinta da gefenta, za ka ga 'yan tagogi. Ta nan ta ke numfashi. In ka ɗora ta a kan katifa, ko matashi, ko bargo, ka toshe mata hanci ke nan. Ko da ya ke ana ce mata ta cinya, tebur ya fi mata. In babu tebur, faranti mai faɗi ko allo ya isa. Kada ka bar ta a rana, ko cikin mota a rufe, balle a watan Maris da Afrilu. In ka ji fanka na gurnani, jikinta ya yi zafi ƙwarai, ka ajiye aikinka, ka kashe ta, ta huta.

Na uku, wutar lantarki. Wutar da ke zuwa gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce. Kwamfuta ba ta shan wannan kai tsaye. Caja ce ke rage ta, yawanci zuwa bolt 19 ko 20. Saboda haka ba kowace caja ce ta dace da kowace kwamfuta ba. Kada ka ari ta maƙwabci don ka ga bakinta ya shiga. Ka karanta lambobin da ke jikin taka, in za ka sake ka nemi irinsu daidai. In an ɗauke wuta, ka cire caja daga bango. In an kawo, ka ɗan jira ta daidaita, gama sau da yawa ta kan zo da ƙarfi. In janareta ne, a tayar da shi tukuna, ya zauna sosai, kana ka sa caja, ka kuma cire kafin a kashe shi. Da damina, in hadari ya taso ana walƙiya da tsawa, ka cire kome daga bango. Waɗanda ba su da lantarki a garinsu kada su karaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cin wuta da yawa. Cajarta yawanci wat 45 ko 65 ce, dutsen guga kuwa ya kan ci wat 1,000. Wutar sola madaidaiciya tana iya ɗaukarta.

Batir ma yana da nasa haƙƙi. Kada ka riƙa barinsa ya ƙare ƙaf. In ya sauko wajen kashi 20 cikin 100, ka sa caja. In za ka yi wata guda ba ka taɓa ta ba, ka bar shi da kamar rabin wuta, a wuri mai sanyi. In ka ga wurin yatsa ya ɗago, ko jikin kwamfuta ya kumbura, batir ne ya lalace. Ka daina caji nan take. Kada ka huda shi, kada ka jefa shi a wuta ko a juji inda a ke ƙona shara, yana iya kamawa da wuta. Ka kai wa mai gyara.

Na huɗu, ruwa. Koko, da shayi, da kunu, da fura, kada ɗayansu ya zauna tebur guda da kwamfuta. Kada a ci abinci a kanta, gama ɓurɓushi na kiran tururuwa da kyankyaso su shiga ciki. In tsautsayi ya sa ruwa ya zuba, ka cire caja, ka danne maɓalli har ta mutu, ka kife ta a buɗe bisa tsumma don ruwan ya tsiyaye. Kada ka kunna ta don ka ga ko tana aiki, nan ne a ke ƙarasa ta. Kada ka shanya ta a rana. Ka kai wa mai gyara da wuri.

Ban da waɗannan huɗu, ka kula da ɗauka. Kada ka ɗaga ta ta fuska. Kafin ka rufe, ka duba ko an bar biro a kan madannai, biro guda ya isa fasa gilashi. In za ka hau mota ko babur, ka kashe ta, ka sa a jaka mai laushi, ka riƙe a jikinka. Kada ka bari a ɗora mata buhu.

6. CUTA DA MAZAMBATA

Kwamfuta ma tana kamuwa da cuta. Ba irin ta mutum ba, wani mugun umurni ne da miyagu ke rubutawa don ya ɓata takardu ko ya saci sirri. Ya kan shigo ta filash ɗin da ya yi yawo hannu hannu, ko ta abin da aka sauko da shi daga intanet ba a san asalinsa ba. Windows yana da mai gadinsa a ciki, ana kiransa Windows Security. Kada ka yarda wani ya kashe maka shi. In ka kai filash shagon buga takardu, ka sa mai gadin ya bincike shi kafin ka buɗe.

Mazambaci ya fi cuta haɗari, domin shi da hankalinka ya ke wasa. Zai aiko saƙo ya ce ka ci kyauta, ko an ba ka tallafi, ko za a rufe asusunka na banki in ba ka aiko da lambobinka yanzu ba. Ku riƙe wannan da kyau: banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ba ya kuma tambayar lambar nan da a ke aiko maka ta waya. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, kome daɗin bakinsa. In kana shakka, ka tashi ka tafi banki da ƙafarka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yara kuma a sa musu ido. In yaro ya ce, "Baba, zan yi karatu a kwamfuta," ka ce masa, "To, zo ka yi a nan zaure inda na ke ganinka." A yanka musu lokaci. Kai ma in ka daɗe kana duban fuska, ka riƙa ɗaga kai kana duban nesa, ido ya huta.

7. IN TA SAMI MATSALA

Kafin ka ruga wurin mai gyara, ka gwada abu uku. Ka duba ko akwai wuta a bango, caja kuma ta shiga sosai. Ka cire filash da linzami da duk abin da ka sa mata. Ka kashe ta, ka jira kaɗan, ka sake kunnawa. Sau da yawa wannan ya isa.

In ta ƙi, kada ka sa mata wuƙa ko sukundireba. Ka nemi mai gyaran da mutane suka shaida, mai shago sananne. Ka gaya masa abin da ya faru tsakani da Allah, in ruwa ne ka ce ruwa ne. Ka ce masa, "Malam, kafin ka sake wani abu, ka gaya mini kuɗinsa tukuna. Kuma kada ka share takarduna sai da izinina." Ka karɓi takardar shaida mai lambar kwamfutarka. In ya sake wani abu, ka karɓi tsohon. Wanda ke kwafe takardunsa kowace Juma'a, ranar nan hankalinsa kwance ya ke.

Jama'a, kwamfuta ba abin tsoro ba ce, ba kuma abin ado ba ce. Kayan aiki ce, kamar garma da keken ɗinki. Wanda ya tsare ta daga ƙura da zafi da muguwar wuta da ruwa, za ta yi masa aiki shekaru. Wanda ya yi sakaci, kuɗin gyara zai cinye masa kuɗin taki. Rigakafi ya fi magani. In mutum ɗaya ba zai iya saye ba, 'yan aji ko 'yan ƙungiya suna iya haɗa kuɗi su sayi guda, su naɗa mai riƙo, su rubuta ranar kowa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abubuwa huɗu da za ka duba kafin ka biya kuɗin kwamfuta ta hannu.
2. Don me ba a ɗora kwamfuta a kan katifa?
3. Me za ka yi in koko ya zuba a kan madannai? Me ba za ka yi ba?
4. Mene ne aikin Ctrl da S? Na Ctrl da Z fa?
5. Wani ya aiko saƙo ya ce daga banki ya ke, yana son lambar sirrinka. Yaya za ka yi?
6. Don me magatakardan ƙungiya zai ajiye lissafi a wuri fiye da ɗaya?

AIKI

(a) Zana madannai a littafinka, layi uku na haruffa. Ɗora yatsunka a kan F da J, ka gwada rubuta sunanka da sunan garinku sau goma.

(b) Rubuta kalmomi biyar masu ɓ, biyar masu ɗ, biyar masu ƙ. Ran da malam ya zo da kwamfuta aji, kowa zai buga nasa da hannunsa.

(c) Karanta wa mutanen gidanku sashe na 6 da babbar murya, ko da ba ku da kwamfuta. Mazambaci ta waya ma ya kan zo.